Mai Tace Hoto da Gurbin da Muka Bari a Nazarin Fim ɗin Hausa

Gabatarwa

A hutun zangon karatun da ya wuce na yi kwana goma sha biyu ina zama a wani ɗan shago a cikin birni, inda wani abokina yake sana'ar tace hoton fim. Abin da ya kai ni shi ne neman bayanai domin kundin digirina, wanda na ƙudura zan rubuta a kan jigon wasu fina-finan Hausa. Wata rana aka kawo masa wata fitowa da aka ɗauka, inda magabatan wani saurayi suka je nema masa aure. Bayan an gaisa sun faɗi abin da ke tafe da su, sai uban yarinyar ya ce, "To, madalla, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Abokin nawa ya haɗa fitowar nan iri biyu, ya ce in zauna in kalla. A haɗin farko, uban yana rufe baki sai aka nuna baƙin suna murmushi suna gyara zama. A na biyu kuwa sai ya bar fuskar dattijon ta daɗa daƙiƙa biyu bayan ya yi shiru, sa'an nan ya nuna uwar yarinyar a bayan labule ta yi tagumi. Da na ga na farko na ce an ba su. Da na ga na biyu na ce lalle an hana su, an dai sallame su ne cikin mutunci. Ga shi kuwa maganar ɗaya ce, 'yan wasan su ne dai, ba a ƙara kalma ba, ba a rage ba.

Tun daga ranar nan nake da wata damuwa, wadda ita ce nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan 'yar maƙala. Yawancin kundayen da na duba a kan fim, har da daftarin nawa, suna ɗaukar fim tamkar rubutaccen wasan kwaikwayo ne. Mukan kwafo maganganun 'yan wasa, mu fitar da jigo da warwararsa, mu lissafa karin magana da habaici, mu rufe. Da a ce fitowar neman auren nan na nazarta ta wannan hanya, da haɗin farko da na biyu sakamako ɗaya za su ba ni, alhali kuwa labari biyu ne masu karo da juna. Ra'ayina shi ne, wanda ya nazarci fim bai dubi yadda aka yanka aka haɗa hotunansa ba, daidai yake da wanda ya nazarci rubutacciyar waƙa bai ce komai a kan karinta da amsa-amonta ba.

Mene ne Tace Hoto?

Ya kamata a fara da warware wani ruɗani da kalmar kanta take jawowa. A bakin jama'a, in aka ce "tace fim" abin da ke fara zuwa zuciya shi ne aikin hukuma, irin wadda Jihar Kano ta kafa a 2001, watau duba fim a cire abin da ya saɓa wa addini da al'ada kafin a kai shi kasuwa. Wannan aiki ne na dabam. Wanda nake nufi a nan shi ne wanda 'yan fim suke kira edita, ake rubuta aikinsa a ƙarshen fim da sunan tace hoto. Kalmar ma ba ta ɗauke aikin duka ba, domin mai tace gasara dusa kawai take fitarwa, shi kuwa wannan bayan fitar da dusar sai ya zaɓi abin da zai zo farko, da abin da zai biyo baya, da tsawon lokacin da kowanne zai yi a gaban mai kallo.

Fim jerin hotuna ne marasa motsi, waɗanda ake gudanar da su da sauri, bisa al'ada guda 24 a kowace daƙiƙa, har ido ya ga kamar motsi ne. Abin da kyamara ta kama daga kunna ta zuwa kashe ta shi za mu kira ɗauka. Ɗauke-ɗauke da yawa su ke haɗuwa su zama fitowa, fitowa da yawa su zama fim. Ba a kuma ɗaukar fim bisa jerin labarinsa. Duk abin da zai faru a gida ɗaya akan ɗauke shi gaba ɗaya, ko da wani na farkon labari ne wani na ƙarshe, kuma akan maimaita ɗauka guda sau da dama. Saboda haka abin da ke isa hannun mai tacewa tarin guntaye ne a hargitse. Walter Murch, ɗaya daga waɗanda suka tace fim ɗin Apocalypse Now na 1979, ya bayyana cewa hoton da aka ɗauka ya kai kimanin awa 230, aka fitar da fim na kimanin awa biyu da rabi. Margaret Sixel ta fitar da Mad Max: Fury Road na 2015, mai tsawon awa biyu, daga hoton kimanin awa 480. Wanda ya zaɓi awa biyu daga cikin 480 ba za a ce ba shi da hannu a cikin labarin ba.

Taƙaitaccen Tarihi

Sa'ad da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka fara nuna fim ga masu biyan kuɗi a birnin Faris a watan Disamba na 1895, kowane fim ɗauka ɗaya ce tak, ba ta cika minti guda ba. Ana kafa kyamara, ma'aikata su fito daga masana'anta, zaren fim ya ƙare, shi ke nan. Daga baya ne aka gane cewa in an yanka zaren da almakashi aka liƙa shi da wani, mai kallo da kansa zai ƙulla dangantaka tsakanin biyun. A Amurka, Edwin S. Porter ya yi amfani da wannan a fim ɗinsa The Great Train Robbery na 1903, sa'an nan D. W. Griffith ya faɗaɗa shi. A fim ɗinsa The Lonely Villa na 1909, ɓarayi suna ƙoƙarin fasa ƙofa, uwa da 'ya'yanta suna ciki a tsorace, maigida yana can yana gudu domin ya iso. Griffith ya dinga kai mai kallo nan ya komo da shi can, har hankalin kowa ya tashi.

Mutanen Rasha ne suka mai da abin ilmi mai ƙa'ida. Lev Kuleshov, malami a makarantar fim ta Mosko wadda aka kafa a 1919, ya yi wani gwaji da ya shahara da sunansa. Kamar yadda almajirinsa Pudovkin ya ba da labari, an ɗauki fuskar wani ɗan wasa mai suna Ivan Mosjoukine, fuskar da ba ta nuna komai, aka haɗa ta da kwanon miya, aka sake haɗa ta da gawa a cikin akwati, aka kuma haɗa ta da yarinya tana wasa. Masu kallo suka yi ta yabon gwanintarsa, wai ga yunwa, ga baƙin ciki, ga ƙauna, alhali fuskar ɗaya ce aka maimaita. Abin da abokina ya yi mini da fuskar dattijon nan ke nan, ko da yake da na tambaye shi ya ce bai taɓa jin sunan Kuleshov ba. Sergei Eisenstein ya ɗora a kan wannan. A fim ɗinsa Strike na 1925 ya sarƙa hoton sojoji suna karkashe ma'aikata da hoton ana yanka sa a mahauta, ba tare da kowa ya furta cewa an mai da mutane dabbobi ba.

Kayan aikin sun yi ta sauyawa. Daga almakashi da gam aka koma na'urar Moviola a 1924, daga nan aka sami teburin Steenbeck, har kamfanin Avid ya fito da tacewa ta kwamfuta a 1989. Fim ɗin The English Patient na 1996, wanda Murch ya tace, shi ne na farko da aka tace da kwamfuta ya ci kyautar Oscar ta tacewa, kyautar da aka fara bayarwa tun daga fina-finan 1934. Yau ga manhajoji irin su Premiere da DaVinci Resolve, ga kuma CapCut a wayar kowane ɗalibi. Wani abin lura shi ne mata sun yi fice ƙwarai a wannan sana'a. Ban da Sixel akwai Verna Fields wadda ta tace Jaws na 1975, da Thelma Schoonmaker wadda ta ci Oscar har sau uku a fina-finan Martin Scorsese.

Wasu Daga Cikin Dabarun

Dabara ta farko ita ce haɗin da ba a gani. Burin mai tacewa a nan shi ne kada mai kallo ya lura an yanka. Yakan yanka ne a tsakiyar motsi: mutum ya miƙa hannu zai buɗe ƙofa ana ganinsa daga waje, a yanka, a gan shi daga ciki yana ƙarasa buɗewa. Ido yana bin motsin, sai yankan ya wuce shi. Haka nan in aka nuna mutum ya ɗaga kai ya dubi wani wuri, duk abin da aka nuna bayan nan mai kallo zai ɗauka shi ne abin da ya gani. Akwai kuma ƙa'idar layi. In mutum biyu suna magana, akan ƙaddara wani layi da ya ratsa ta kansu, kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin. Muddin aka kiyaye wannan, wanda ke dama zai tabbata a dama yana duban hagu. In aka tsallake layin ba dalili, sai a ga su biyun suna duban gefe guda, kamar kowa da bango yake magana.

Ta biyu ita ce karɓa-karɓa tsakanin wurare biyu, irin ta Griffith. Amfaninta bai tsaya ga ta da hankali ba, domin tana iya yanke wa mutum hukunci. A ƙarshen fim ɗin The Godfather na 1972, Michael Corleone yana tsaye a coci wurin bikin baftismar jariri yana rantsuwa ya rabu da Shaiɗan, ana kuwa yanka zuwa yaransa suna bin abokan gabarsa ɗaya bayan ɗaya suna kashewa. Babu ɗan wasan da ya kira shi munafuki. Jerin hotunan ne ya kira shi.

Ta uku ita ce sarrafa lokaci. Mai tacewa yana iya naɗe shekara goma a yanka ɗaya, yana kuma iya miƙe daƙiƙa goma su yi minti uku. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Lawrence of Arabia na 1962, wanda Anne V. Coates ta tace. Jarumin yana cikin ofis a Alƙahira ya hure ashana, nan take sai ga rana tana ɓullowa a sahara. An tsallake shirin tafiya da sallama da hanya duka, wutar ashana ta miƙa mu ga wutar rana.

Ta huɗu ita ce kari, watau tsawon kowace ɗauka in an gwada ta da maƙwabtanta. Gajerun ɗauka a jere suna sa zuciya ta buga, dogaye suna sa natsuwa ko zullumi. Daƙiƙa biyun da abokina ya daɗa wa fuskar dattijo na cikin wannan babi. Ta biyar kuma ita ce sauti. Sau da yawa akan shigo da sautin fitowa ta gaba tun hotonta bai zo ba, a ji kiran salla ko guɗar biki alhali ana kallon ƙarshen wata fitowar, ko kuwa a bar muryar mai magana tana ci gaba ana nuna fuskar mai sauraro. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin a yawancin zance abin kallo yana fuskar wanda ake gaya wa magana ne.

Ta shida, wadda nake ganin ta fi dacewa da mu, ita ce ɓoyewa. A fim ɗin Psycho na 1960, Alfred Hitchcock da mai tace masa George Tomasini sun haɗa wata fitowar kisa daga mazaunin kyamara 78 da yanka 52. Mutane sun fita suna rantsuwa sun ga ana daddatsa mace da wuƙa, alhali saurin yanka da ƙarar kiɗa ne suka sa su ganin abin a zuci. Wanda ya fi kusa da mu shi ne fim ɗin Indiya Sholay na 1975, wanda iyayenmu suka sha kallo. Inda ɗan fashi Gabbar ya saita bindiga a kan ƙaramin jikan Thakur, ba a nuna harbin ba, sai aka yanka zuwa jirgin ƙasa yana fesar da tururi a tasha. Kyautar Filmfare ɗaya tak da fim ɗin ya samu a shekararsa ta tacewa ce, wadda aka ba M. S. Shinde. Al'ummar da take da kunya da kawaici, take da abubuwa da yawa da ba ta yarda a nuna ba, ita ta fi kowa bukatar gwanin da ya iya sa a fahimci abu ba tare da an gan shi ba.

To, in dabaru suka yi karo, wacce za a fifita? Murch, a littafinsa In the Blink of an Eye, ya jera abubuwa shida da ake dubawa kafin a yanka, ya ba motsin zuciyar mai kallo kashi 51 cikin ɗari, ci gaban labari kashi 23, kari kashi 10, sauran ukun da suka shafi inda ido yake da daidaiton wuri suka raba ragowar 16. Manufarsa ita ce, in ɗaukar da ta fi taɓa zuciya tana da ɗan kuskure, a ce hular ɗan wasa ta ɗan karkace, ita za a ɗauka a bar wadda hular ta zauna daidai amma fuskar ba rai.

Abin Ba Baƙo Ba Ne Gare Mu

Wani zai ce ai wannan ilmin Turawa ne da injiniyoyi, ina ruwan Sashen Hausa da shi? Amsata ita ce, na'urar ce baƙuwa, dabarar kuwa mun daɗe da ita. Tsohuwar da ke yi wa jikokinta tatsuniya, in ta ce "kwanci tashi" ta tsallake shekaru ke nan, kamar yadda Coates ta tsallake hanya. In ta bar Gizo a rami ta ce "can kuwa Ƙoƙi tana gida", karɓa-karɓa ta yi. In ta ja muryarta ta yi jinkiri kafin ta faɗi abin da ke cikin tulu, da kari take wasa. A Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, Abubakar Imam yakan fita daga labarin da aku yake bayarwa ya komo da mu wurin Musa da makircin Waziri, sa'an nan ya sake shiga wani labarin, kuma wannan fita da shiga ita ce ƙashin bayan littafin. Haka nan musayar da ke tsakanin makaɗi da 'yan amshinsa ta yi kama da musayar hoto tsakanin mai magana da mai amsawa. Mun riga muna nazarin duk waɗannan a ƙarƙashin zubi da tsari. Ban ga dalilin da zai sa mu ajiye wannan ma'auni ba da zarar labarin ya koma kan allo.

Halin da Fim ɗin Hausa Yake Ciki

Fim da harshen Hausa ya kwana biyu. Adamu Halilu ya mai da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, daga nan kasuwa ta buɗe, aka bi ta faifai, har aka iso zamanin shirye-shirye masu dogon zango a talabijin da YouTube. Dole a yaba wa mutanen farko, domin a zamanin kaset daga na'ura zuwa na'ura ake kwafa a jere, in aka yi kuskure a tsakiya gyaransa wahala ce babba. Kuma babu mai musun cewa an sami ci gaba, akwai fina-finai da shirye-shirye na yanzu da tacewarsu ta burge ni.

Duk da haka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wane ne a cikinmu bai ga fim ba inda mota za ta taso daga ƙarshen layi, a buɗe mata ƙofar gida, ta shiga, a rufe ƙofar, direba ya kashe ta, ya fito, ya kulle, duk muna kallo, babu kuwa abin da wannan ya daɗa wa labarin? Ko a nuna mana abu ya faru, sa'an nan wani ya je ya ba wani labarinsa tun daga farko har ƙarshe, shi ma ya je ya gaya wa na uku? Ko a yi tunanin baya a maimaita mana fitowar da muka gani minti goma da suka wuce? Ko a sa kiɗa ya danne magana daga farkon fim zuwa ƙarshensa?

Zaman da na yi a shagon nan ya nuna mini cewa laifin ba na mai tacewa ba ne shi kaɗai. Sau da yawa fitowa takan zo masa a ɗauka ɗaya daga nesa, babu hoton kusa, babu fuskar mai sauraro, saboda haka ba shi da wurin da zai yanka ya koma. Na ga an kawo wa abokina aiki ranar Talata ana so ranar Alhamis. Na ji mai fim yana ce masa kada ya rage komai, domin so yake labarin ya kai kashi kaza. Kuma ladan da ake ba shi bai kai a faɗa ba in aka gwada da na jarumi. Wanda aka ɗauka a matsayin mai danna kwamfuta, aka hana shi lokaci da kayan aiki da ikon cewa a cire wannan, ba za a zarge shi ba in abin da ya fitar bai wuce jeri ba.

Akwai wata hujja da na ji daga bakin wasu abokan karatuna, wadda ta cancanci a saurare ta. Sukan ce saurin yanka ɗabi'ar Bature ce, mu kuwa mutane ne masu doguwar gaisuwa da natsuwa, in aka yanke gaisuwa an yanke al'ada. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ina kira ne a mai da fim ɗinmu na guje-guje ba. Amma gaisuwa iri-iri ce. In suruki ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, dattijon kuwa ya amsa a taƙaice bai ko dube shi ba, wannan gaisuwar ita ce labarin, kada a taɓa ta, a ma ƙara mata lokaci. In kuwa abokai biyu ne suke tambayar gida da aiki da gajiya a karo na biyar cikin fim ɗaya, ba al'ada ake karewa ba, tsawo ake nema. Sanin bambancin waɗannan biyun sai wanda ya san Bahaushe ciki da waje, kuma irin wannan sani shi ake koya mana a wannan sashe.

Shin Gani Ya Kori Ji?

Akwai dalili na ƙarshe, wanda ya wuce fim. Dabarar da take iya gina labari tana iya gina ƙarya. Fitowar da ta fi shahara a Battleship Potemkin na Eisenstein, na 1925, ita ce ta sojoji suna harbin jama'a a matakalar birnin Odesa, keken jariri yana gangarowa. An yi kashe-kashe a birnin a 1905, amma kisan da aka nuna a kan matakalar ƙirƙirar Eisenstein ce, duk da haka mutane da yawa sun ɗauke shi tarihi. Griffith kuma ya yi amfani da karɓa-karɓarsa a The Birth of a Nation na 1915 ya nuna 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan, masu kashe baƙar fata, a matsayin mahayan da suka zo ceto.

Abin da a da sai mai kamfani yake iya yi, yau kowane mai waya yana iyawa. Kullum sai mun ga guntun bidiyo a WhatsApp ko Facebook, na wani malami ko ɗan siyasa, an yanke abin da ya faɗa kafin jumlar da abin da ya faɗa bayanta, wani lokaci ma malamin yana kawo maganar wasu ne domin ya rushe ta, sai a yanke rushewar a bar maganar a bakinsa. Akan kuma ɗauko hoton wani rikici na wata ƙasa ko wata shekara a liƙa shi da sabon labari. Mun san irin gabar da wannan yake haddasawa, har tsakanin ɗalibai a ɗakunan kwananmu. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma sun faɗi haka ne a zamanin da ba a iya yanka abin da ido ya gani. Wanda ya koyi tacewa, in aka turo masa irin wannan, zai lura da inda hoton ya yi tsalle, da inda sauti ya katse, ya tambayi abin da aka cire kafin ya tura wa wani.

Kammalawa

Saboda haka ina roƙon malamanmu, cikin ladabi, su duba yiwuwar abubuwa uku. Na farko, a cikin darasin wasan kwaikwayo da fim a keɓe makonni kaɗan domin tacewa, a ba kowane rukunin ɗalibai guntaye iri ɗaya su haɗa da wayoyinsu, a zo aji a gwada labaran da suka fito. Wannan ba ya bukatar sayen komai. Na biyu, duk kundin da za a rubuta a kan fim a nemi ya ƙunshi nazarin fitowa aƙalla guda, ɗauka bayan ɗauka, da tsawon kowace, da dalilin da ya sa aka yanka a inda aka yanka, a kuma ambaci sunan mai tacewar kamar yadda ake ambaton na mai ba da umarni. Na uku, sashe ya gayyato masu sana'ar a zauna da su a daidaita kalmomin fannin, domin waɗanda na yi amfani da su a nan, irin su ɗauka da karɓa-karɓa da kari, shawara ce kawai, na kuma san akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da ya fi dacewa.

Ni dai na koma wurin malamin da ke duba aikina na nemi izinin ƙara babi guda a kundina, ya kuwa amince, da sharaɗin kada in wuce wa'adin miƙawa. In akwai kuskure a cikin abin da na faɗa, ina jiran gyara daga malamaina da 'yan'uwana a fitowa ta gaba ta wannan mujalla. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, amin.